Gishirin Bayan Riga

Ƙanina shekararsa sittin da uku, babu baƙin gashi ko ɗaya a kansa, amma har yau Auta nake kiransa. Shi ne autanmu, kuma ban ga dalilin da tsufa zai sa in canza masa suna ba. A filin ƙwallo kuwa Baba Bokiti suke ce masa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wanke rigunan ƙungiyar ƙwallon kamfanin bas, yana kuma ba 'yan wasan ruwa. Bara aka so a tashe shi daga bencin da yake zama a bakin fili. Yadda aka ƙare shi zan faɗa, kuma yawancin abin a gabana aka yi.

Bari in fara da abin da ba ya so a faɗa: bai taɓa iya ƙwallo ba. Yana gaya wa mutane wai gwiwa ce ta hana shi. Gwiwarsa lafiyarta ƙalau. Na gan shi yana saurayi, in ƙwallo ta nufo shi sai ya runtse ido ya kai mata shuri, in ya samu to, in bai samu ba ya faɗi zaune. Da karatu ma ya ƙi, sai mijina, Allah ya jiƙansa, ya samar masa aiki a ɗakin wankin kamfanin, inda ake wanke kakin direbobi da labulen motoci. Bayan wasu shekaru kamfanin ya kafa ƙungiyar ƙwallo, aka rasa mai wanke riguna, Auta ya ɗaga hannu tun ba a gama tambaya ba. Ta ƙofar wanki ya shiga ƙwallo.

Ɗakin wankin yana bayan gareji. Baho biyu ne na siminti, da famfo ɗaya mai ɗiga, da teburin guga wanda ƙafarsa ɗaya ke kan bulo, sai igiyoyin shanya huɗu a waje. Warin sabulu da na baƙin mai sun gauraye a wurin har sun zama warin Auta kansa. Ko ya yi wanka ya fesa turare, in ya shigo gidana tun daga bakin ƙofa nake sanin shi ne.

Abu ɗaya ya raba shi da sauran masu wanki. Kowane mai wanki in an kawo masa kayan da suka sha gumi, ruwa yake fara zuba musu. Shi kuwa shanya su yake yi da dattinsu, sai sun bushe ƙayau. Rigunan atisaye masu duhu ne, saboda haka in sun bushe sai ka ga farin zane ya fito a baya da hammata da wuya, kamar an yi taswira da alli. Gishirin jikin mutum ne. Wata rigar takan ƙame kamar an sa mata sitaci. Wata kuwa ta jiƙe sharkaf, amma in ta bushe babu ko ɗigon fari. Auta zai bi igiya yana dubawa, yana murza wuyan riga da yatsa biyu, yana magana shi kaɗai kamar likita mai zagayen marasa lafiya.

"Mutum zai yi miki ƙarya, Yaya," in ji shi, "ya ce ya yi gudu, alhali yawo ya yi. Riga ba ta iya wannan ba."

Bokitinsa biyu ne, fari da ja. Na farin ruwa ne zalla. Na jan kuwa ni ce asalinsa, ko da yake bai cika faɗa ba. Na yi shekara ashirin da shida ina ba da kati a wani ƙaramin asibiti, kuma a nan na koyi haɗa ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa. Lokacin da 'yarsa ta fari ta kwanta tana jaririya, ido ya faɗa, ni na koya masa awon. Yarinya ta tashi, yanzu 'ya'yanta huɗu. Shi kuma abin ya zauna masa a kai. Ya ce ya lura 'yan wasa in sun yi awa ɗaya da rabi a cikin rana, idonsu yakan faɗa irin na yarinyar. Sai ya rage gishirin sosai, ya matsa lemon tsami, ya zuba a jan bokiti. Ba kowa yake ba wa ba. Mai farin zane a riga, in an yi dogon wasa cikin zafi, shi ne na jan bokiti. Sauran su sha na fari. Da haɓa yake nuna wa mutum bokitinsa. Koci takwas sun zo sun tafi babu wanda ya tanka masa, wasu don sun yarda, wasu don ba su ma lura ba.

Na tara shi ne ya lura.

Sabon Kocin sa'ar ɗana na uku ne. Ya yi kwas, ya zo da takardarsa, da agogo biyu, ɗaya a hannu ɗaya a wuya. Ba mutumin banza ba ne, kuma ba zan ɓata shi don ya taɓa ƙanina ba. Zuwansa ya zo daidai da wani kamfanin lemo da ya ɗauki nauyin ƙungiyar, ya turo katan-katan na lemon nan na 'yan wasa, shuɗi a gorar roba, wanda ake cewa yana mayar wa jiki abin da gumi ya fitar.

Kwana uku da zuwansa ya tsaya a kan jan bokiti.

"Baba, mene ne wannan?"

"Ruwa ne, Koci."

"Ruwa ne yake kama da na wanke-wanke?"

"Da ɗan gishiri da sukari. Da lemon tsami."

Golan ƙungiyar, wani ƙato mai baki kamar reza, yana gefe yana cire safar hannu. Ya ce, "Kai jama'a! Ashe duk shekarun nan ruwan zawo Baba yake ɗura muku? Ni dai Allah ya tsare ni, bai taɓa ba ni ba."

Fili ya ɗauki dariya, sunan ya bi bokitin. Suna kuwa in ya kama, ya fi tabon baƙin mai wuyar fita. Ƙarti masu gemu, wa zai yarda a gan shi yana shan ruwan zawo? Har wanda ake ce wa Katanga, ɗan bayan da ya fi kowa farin zane a riga, wanda ya shekara bakwai yana shan kofi biyu a hutun rabin lokaci, sai ya riƙa wucewa ta gaban bokitin yana kallon sama.

Bayan mako biyu Manaja ya kira Auta ofis. Ya ce daga ƙarshen wata za a riƙa kai riguna shagon masu injin wanki. Abin sha kuma ga gora nan, kowa ya ɗauka da hannunsa. Benci na masu aiki a fili ne. Tunda babu wanki babu bokiti, sai ya koma kan labulen motoci har ya yi ritaya nan da shekara biyu.

"Karen bana shi ke maganin zomon bana, Baba," in ji Manaja. Wai lallashi ke nan.

Wanda bai san Auta ba zai ce ai sauƙi aka yi masa, ya huta da rana. Ni na san shi. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse gidajensu, ba ya zaman majalisa, ba ya kallon komai a talabijin sai ƙwallo. Ƙarshen bencin nan na hagu, inda katako ya lotsa daidai mazauninsa, shi ne duk abin da ya tara a duniya.

Ranar Asabar da hantsi ya zo gidana da leda a hannu. Ya zauna, ya ƙi shayi, abin da bai taɓa yi ba. Ya fito da gorar lemon guda biyu, ɗaya cike ɗaya babu komai, da wani ɗan ƙulli. Ina ganin ƙullin na gane shi. Duk wanda ya taɓa wanke farin kaya ya san bula.

"Me za ka yi da wannan?"

"Yaya, launin ne kawai suke so. In na ɗiga kaɗan a nawa, na ɗura a gorarsu, wa zai sani?"

"Bula? A cikin 'ya'yan mutane?"

"Ɗan kaɗan fa. Kan tsinke."

"Auta, hanjin mutum farar riga ce da za ka sa masa bula? Shekara sittin da biyu, har yanzu hankalin yana hanya? In wani ya faɗi a fili, labulen ma ba za ka samu ba. A gidan yari za ka yi ritaya."

Na karɓe ƙullin na jefa a aljihun tebur na kulle. Ya yi tsuru-tsuru. Ba mugunta ba ce. Mai wanki ne, shekara arba'in duk abin da ya ga yana neman shuɗi bula yake sa masa, ƙwaƙwalwarsa ba ta san wata hanya ba.

Na ce ya miƙo mini mai ciken. Na sa tabarau na matsa bakin taga, don rubutun jikin gorar ƙanana ne kamar ƙwan kwarkwata. Shi bai taɓa karantawa ba, kuma na tabbata masu shan ma ba su karanta ba. Na bi masa ɗaya bayan ɗaya: ruwa, sukari, gishiri, wani sinadari irin wanda ake samu a ayaba, ɗan tsami, sai launi.

"Sake karantawa," in ji shi.

Na sake.

"Gishiri kika ce?"

"Gishiri. Sun ba shi dogon suna, amma shi ne."

"Da sukari?"

"Da alama har ya fi naka yawa."

Ya jingina da kujera ya yi dariya har da tari. "Ashe ruwan zawo ne ya je makaranta ya dawo da shuɗiyar riga!"

"Kar ka yi saurin murna," na ce. "Nasu a aune yake, kowace gora daidai da 'yar'uwarta, kuma a rufe. Naka da ido kake aunawa, ranar da ranka ya ɓaci gishiri ya yi yawa. Ga kofi ɗaya baki ashirin, mura ta kama ɗaya ta kama duka. Tun ina aiki nake faɗa maka wannan."

"To ke bayan wa kike?"

"Ba na bayan kowa, zaune nake. Bokitinka ya mutu, ka yi masa addu'a. Amma gora ba ta san wanda ya kamata ya sha ta ba. Kai ka sani. Da wannan za ka je wurin Koci, ba da ruwa ba."

Ya ce shi ba zai iya yi wa Koci magana ba, in ya ga agogon nan biyu bakinsa sarƙewa yake yi. Na ce to, ni ban taɓa jin tsoron agogo ba.

Litinin da yamma na ɗauki lema da gorar muka tafi. Filin yana bayan gareji, rabi ciyawa rabi ƙasa, an kewaye shi da shingen waya, ga matattun bas an jere a gefe guda, tayoyi a sace. Mun tarar an gama wani ɗan gajeren atisaye, bai fi rabin awa ba, rana ma ta yi sanyi. Amma kowa da gora a baki. Gola na ga ya shanye biyu, ya soke ta uku a ƙugun wando.

Koci ya gaishe ni da ladabi har da rusunawa, ya jawo mini kujerar roba da kansa.

"Mama, lafiya dai?"

"Lafiya ce ta kawo ni. Ɗana, ka karanta jikin gorar nan?"

"Na san abin da ke ciki, Mama."

"To ka san ɗan'uwan na jan bokiti ne."

Ya yi murmushi. "Ɗan'uwansa ne. Amma shi an yi masa awo, an kuma rufe masa baki." Ya jero mini maganar tsabta da ta kofi ɗaya, duk abin da na faɗa wa Auta ranar Asabar, sai ka ce yana laɓe a bayan taga.

"Na yarda," na ce. "To gaya mini, wancan mai safar hannun, gudun me ya yi yau da zai sha sukarin gora uku?"

Ya waiwaya ya ga Gola, ya ɗan sosa ƙeya. Ya ce gaskiya a abin da aka koya musu, atisayen da bai kai awa ɗaya ba ruwa ya isa, mutum ya je gida ya ci abinci. Lemon amfaninsa sai a dogon wasa, musamman cikin zafi, in an zubar da gumi mai yawa. Amma kaya sun zo a katan, ga mutum ashirin da biyu, shi kuma ido biyu gare shi. Ba zai iya tsare bakin kowa ba.

"Ga mai tsare maka." Na nuna Auta, wanda ya maƙale a bayana kamar ranar da aka fara kai shi makaranta. "Ya san mai zubarwa, ya san mai yawo."

"Da me ya sani?"

"Da riga."

Ya so ya yi dariya, ya dubi furfurata ya haɗiye. Ya ce shi da sikeli yake aiki: a auna mutum kafin atisaye, a auna shi bayan an gama, a haɗa da abin da ya sha a tsakani, abin da ya ragu shi ne ruwan da ya fita. Sannan ya ce to, gani ya kori ji. Ranar Laraba akwai dogon atisaye da tsakar rana, awa ɗaya da rabi. Zai auna kowa ya rubuta ya ɓoye takardar. Baba ya duba rigunansa ya faɗi mutum biyar da suka fi kowa zubarwa. In ya faɗi biyar ɗin daidai, shi da ƙafarsa zai je wurin Manaja. In ya kuskure ko ɗaya, magana ta ƙare.

"Na yarda," in ji Auta daga bayana.

Ban ma san bakin zai buɗe ba. A hanya na ce masa da ya bari na nema masa uku cikin biyar. Ya ce shi ba ya ciniki da aikinsa. Na ce to, Allah ya ba da sa'a, taurin kai dai na gidanmu ne.

Laraba rana ta ƙwalle kamar da gayya. Na zauna a ƙarƙashin lema ina kallon 'ya'yan mutane suna gudu daga wannan raga zuwa waccan, Koci yana busa usur yana duba agogon wuya. Ban san ƙwallo ba, amma na san mutum in ya galabaita, kuma kafin a tashi duk sun galabaita. Suka shiga ɗakin canza kaya ɗaya bayan ɗaya aka auna su. Aka fito da riguna ashirin da biyu. Auta ya fara ɗaga kowace a hannu tun tana jiƙe, yana jin nauyinta, yana duba inda jiƙar ta tsaya, sannan ya shanya su a kan shingen waya, lamba tana kallon fili. A irin wannan ranar bushewa ba ta da wuya.

Labari ya riga ya zaga gareji. Direbobi da makanikai suka fito, wasu da sifana a hannu. 'Yan wasan suka zube a inuwar matacciyar bas, bakinsu kuwa bai gaji ba.

"Baba, a aro maka tabarau wurin Mama?"

"Baba boka, duba mana ko za mu ci kofi bana!"

"Tawa fa, Baba?" in ji Gola. "Me ta ce maka?"

Auta bai ko waiwaya ba. "Taka ko kanti aka mayar za a karɓa."

Makanikai suka kwashe da dariya. Na ji daɗi.

Ya bi shingen sau biyu, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya cire lamba takwas ya saɓa a kafaɗa. Ya cire sha ɗaya, ya cire biyu, ya cire sha huɗu. Sai ya tsaya a kan lamba bakwai, ta wani siririn ɗan gaba da suke ce wa Jirgi. Ƙasanta bai gama bushewa ba, kuma babu fari a jikinta sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ya riƙe ta ya daɗe. Ya sake ta. Ya je ya ciro lamba huɗu, ta Katanga, wadda bayanta ya yi fari fat kamar an zauna a kan buhun siminti.

"Ga su, Koci."

Koci ya fito da takarda daga aljihu ya warware.

"Takwas, daidai. Sha ɗaya, daidai. Biyu, daidai." Makanikai suka fara matsowa. "Sha huɗu, daidai." Wani direba ya ce, "Ikon Allah." Koci ya ɗaga kai. "Na biyar lamba bakwai ne, Baba. Jirgi. Katanga shi ne na tara."

"Ayya," in ji makanikai.

"Boka ya faɗi," in ji Gola, amma a hankali, kuma babu wanda ya taya shi.

Ni na fara naɗe lema. Sai na ga Auta ya koma shinge ya ciro ta Jirgi, ya zo da ita da ta Katanga gaban Koci.

"Koci, taɓa wannan."

Ya taɓa ta Jirgi. Laushi.

"Taɓa wannan."

Ya taɓa ta Katanga. Har inda nake zaune na ji tana ƙara kamar busasshen ganye. Auta ya kakkaɓe ta sau ɗaya, farin gari ya zubo a kan baƙin takalmin Koci.

"Na ga ta Jirgi," in ji shi. "Na san ya fi Katanga zubarwa, har wandonsa ɗiga yake yi. Amma yawancinsa ruwa ne. Wannan kuwa gishiri yake zubarwa, kullum, shekara bakwai. Sikelinka ruwa yake aunawa. Yana auna gishiri?"

"A'a."

"To ni ba zan iya ajiye ta Katanga in ɗauki ta Jirgi ba. Kai ka tambayi wa ya fi zubarwa. Ni shekara talatin abin da nake tambayar riga shi ne, wa zan ba me."

Wato ya san amsar da za ta cece shi, ya riƙe ta a hannu, ya mayar da ita kan waya. Da a gida muke da ya sha zagi. Baki ya yi mini ƙaiƙayi, amma na ga maganar ta fi ƙarfin tsohuwa mai lema, sai na kama bakina. Ba na yawan yin haka, shi ya sa nake rubutawa.

Koci ya kira Katanga. Ya taso daga inuwa yana jan ƙafa.

"Tun da ka bar na Baba, gora nawa kake sha a wasa?"

"Ɗaya, Koci. Kamar kowa."

"Ƙafa fa?"

Katanga ya kalli ƙasa. Ya ce wasa biyu da suka wuce, a kwatan awa na ƙarshe, jijiyar sharaɓarsa ɗaurewa take yi. Bai faɗa ba don kar a ajiye shi.

"Ba lallai gishiri ba ne," in ji Koci. "Gajiya ma tana kawo haka, kuma kai ba yaro ba ne." Ya dubi takalminsa. Ya ce amma gaskiya ne an koya musu cewa gumin mutane ba ɗaya ba ne, wani ya fi wani gishiri nesa ba kusa ba. Sai dai gwajin da ake gane hakan da shi, ƙungiyar kamfanin bas ko a mafarki ba za ta gan shi ba.

Ya juya wurin Auta. "Amma sharaɗi sharaɗi ne, Baba. Huɗu ka faɗi."

"Na sani."

Koci ya ninke takardarsa ya sa a aljihu. Ya tsaya yana kallon shingen, inda sauran riguna goma sha shida ke rataye, wasu da zane wasu babu. Sannan ya miƙa hannu ya karɓi guda biyun daga hannun Auta, ya nufi ofishin Manaja.

Ya yi kusan kwatan awa. Auta ya ƙi zama. Ya koma yana kwashe riguna yana ninkewa, abin da ba a yi wa kaya masu datti.

Da Koci ya dawo, a gaban kowa ya faɗa. Jan bokiti ya tafi ke nan, kuma kofi ɗaya ba zai sake zaga bakuna ba, kowa da gorar ruwansa. Riguna za su tafi inji kamar yadda aka ce, amma sai an shanya su Baba ya gani tukuna. Makullin akwatin sanyin da ake ajiye lemon yana hannun Baba. Ranar gajeren atisaye ruwa kawai, kowa da kowa. Ranar dogon wasa, wanda zai sha lemo da yawan da zai sha, shi da Baba za su zauna su yanke, shi da sikelinsa, Baba da rigunansa. Tunda kuma mai makulli dole ya kasance kusa, zai zauna a benci.

Daga baya na ji Manaja bai gane maganar gishirin ba sam. Abin da ya shiga kunnensa shi ne katan zai riƙa daɗewa.

Makanikai suka yi tafi, suka koma ƙarƙashin motocinsu. Katanga ya zo ya tsaya kusa da Auta yana murza hannu, ya ce, "Baba, sannu da rana." Auta ya ce, "Je ka sha biyu, ka ƙara da ruwa."

Ba zan ce ƙafar Katanga ta warke ba. Shi ya ce ta yi sauƙi, ni ban auna ba, kuma har yanzu wani lokacin tana riƙe shi. Ba zan kuma ce ƙungiyar ta fara cin wasa ba, don ba ta fara ba. Abin da na sani shi ne duk Asabar Auta yana kan bencinsa, saura masa shekara ɗaya.

A bas ɗin da ta mayar da mu gida ranar, na zaci zai yi godiya. Ina! Tun daga gareji yake mita, wai inji zai cinye wuyan riguna cikin wata uku, wai masu inji ba su san hammata ba. Da muka kusa sauka ya juyo ya dube ni.

"Amma dai kin san biyar na ci."

"Huɗu."

"Biyar, Yaya. Tambayar ce ba daidai ba."

"Huɗu ka ci, na biyar yaron nan Koci ne ya ba ka. Gobe ka je ka gaishe shi. Riƙe mini lemar nan in sauka."